Man Kaɗe a Aljihun Shadda

Da girmana na yi wannan abin, kuma ba wanda ya aike ni. Balkisa, 'yar ƙanwata, ta ce a lakwal, wato makaranta, an gaya musu abu daskararre yana narkewa, amma ba su gani da ido ba. Na daki ƙirji na ce ta tara ƙawayenta a gidansu na Zongo, ni zan nuna musu.

Na sayi man kaɗe a kasuwar Godomey, aka naɗe mini a takarda. Mai sayarwar ta ce, "Alhaji, karɓi roba mana." Na ce, "Baiwar Allah, ni za ki koya wa narkewa?" Na jefa shi aljihun sabuwar farar shaddata, na hau zem, babur ɗin haya, da rana tsaka.

Na shiga gidan ina gyaran murya, yara shida suka zuba wa ƙirjina ido. Maiƙo ya sauko har cibiya. Na laluba aljihu, takarda kawai na zaro.

Balkisa ta tafa ta ce, "Kawu, mun gane! Yanzu shiga firigo ka yi sanyi mu ga ko zai koma daskararre."

Har yau, in na je gidan da rana, ƙanwata ce ke tarbo ni: "Yaya, shigo inuwa kar ka narke."