Kukan Da Na Yi Wa Jummai

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama gwanar kuka a layinmu na Gwarinpa, ni da ko a mutuwar kakata sai da dangi suka yi ta gulmar bushewar idona. Har yau in abin ya faɗo mini sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba mu daɗe da tarewa ba aka yi rasuwa a gidan da ke kallon namu. 'Yar Maman Jummai ce, ita kaɗai Allah ya ba ta, budurwa, ciwon sikila ya yi ajalinta. Ni ko muryar yarinyar ban sani ba. Na yafa mayafi na tafi sauke haƙƙin maƙwabtaka, har na bar shinkafa a wuta don na san ba daɗewa zan yi ba.

Falo cike da mata, sai wata kujera mai laushi a lungu da kowa ya ƙi zama a kai. Ni uwar rashin tambaya na baje a kanta. Ashe kujerar marigayiya ce, a nan take wuni ita da kyanwarta, wata fara mai yawan gashi da take kira Auta. Ban gama "ya haƙuri" ba hancina ya fara ƙaiƙayi. Na danne atishawa saboda gidan makoki ne, sai abin ya koma ido. Hawaye wani na bin wani, ga majina, ƙirjina na wani irin fito kamar mai shessheƙa. Mata suka yi caa a kaina, wai in yi haƙuri, addu'a take buƙata.

(Abin ba sabo ba ne. Ina yarinya a Zariya, duk hutun da na je gidan kakata haka nake wuni. Aka ce sanyi ne, aka hana ni ruwan randa, aka yi ta ɗirka mini citta. Magen da ke kwana a kan tabarmata kuwa ba wanda ya taɓa kallonta.)

Maman Jummai mutuniyar ƙauyen Paikon Kore ce, Hausarta irin ta can garin, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. An ce tun safe ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba. Da ta gan ni a haka sai ta rarrafo ta rungume ni, ta fashe da wani kuka mai tsinka zuciya.

"Kowa haƙuri, haƙuri yake ce mini," in ji ta. "Kai kaɗai ne ka taya ni."

Ranar ni ma ban san dalili ba, har na fara zaton imanina ne ya ƙaru. Amma da na ci gaba da zuwa sai na gane. In na koma gida na yi wanka na sake kaya, ido ya bushe. In Auta ta goga jikinta a ƙafata, wurin ya yi ruɗu-ruɗu. Maigidana ya ce in gaya wa matar gaskiya. Na ce a bari a yi sadakar bakwai. Da aka yi, na ce a bari sai arba'in.

Yaya zan faɗa? Kullum da la'asar take aikowa in zo. Ta zaunar da ni a kujerar nan, ta yi ta ba ni labarin Jummai, ni kuma ina ambaliya. Ta ce ciwo ya hana yarinyar yin ƙawaye, babban abin da ke cin ranta ke nan, kada a ce 'yarta ta zo duniya ta koma ba wanda ya so ta sai uwarta. Yanzu da ta ga hawayena har barci take samu. Kuma kada in yi muku ƙarya, yabon da ake yi mini a layi ya yi mini daɗi.

Ranar arba'in dangi suka cika gidan. Bayan addu'a Maman Jummai ta miƙe ta ce za ta koma ƙauye, amma karnukan gona ba za su bar Auta da rai ba, don haka za ta bar ta wa wadda ta fi kowa son 'yarta. Ta naɗo kyanwar a zanen marigayiya ta ɗora mini a cinya. Auta kuwa, kamar an aiko ta, ta cusa kai a wuyana tana lasa.

Numfashina ya sarƙe. Borin jini ya feso mini tun daga wuya har fatar ido. Ban san lokacin da na yi jifa da ita ba, da zanen da komai, ta faɗa cikin farantin wainar sadaka. Na kuma ji bakina yana cewa a raba ni da wannan masifar.

Wata 'yar ƙanen Maman Jummai, nas ce, ta kama ni ta duba ta ce alaji ne ya tashi mini. Wata tsohuwa ta tambaya wane Alhajin kuma. Aka ɗan yi dariya, ba ta je ko'ina ba. Nas ta yi bayani cewa wasu jikinsu ba ya shiri da mage, shi ke kawo hawayen da majinar da toshewar ƙirji. Ta tambaye ni tun yaushe nake jin haka. Da ɗan numfashin da ya rage mini na ce duk ranar da na shigo gidan nan.

Maman Jummai ta sunkuya ta ɗauki Auta, tana goge mata mai da bakin zanen. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Ashe mage ne," ta ce a hankali. "Ashe ba Jummai kake yi wa kuka ba."

A asibiti likita ya ce ba gashin kaɗai ba ne, miyan kyanwar ne da ɓurɓushin fatarta, suna maƙalewa a kushin da kafet ko ita ba ta nan. Ya rubuta mini ƙwaya da abin shaƙa, ya ce in riƙa shan maganin kafin in shiga irin gidan, in wanke hannu in sake kaya da na fito, kuma da na ƙara minti kaɗan da sai dai wani labarin. Yana fita na tuna fuskar matar nan, na kifa kai na yi wa Jummai kukan gaske, na farko. Nas ɗin ɗakin ta leƙo ta ce in yi haƙuri, yanzu allurar za ta tsayar da ruwan idon.

Da aka sallame ni na je ban haƙuri. Maman Jummai ta tare ni a bakin ƙofa ta ce ba komai, amma kada in shiga, saboda lafiyata. Ta tafi ƙauye da Autarta, ban sake ganinta ba.

Yanzu duk gidan da zan shiga, ko na biki ko na makoki, daga sallama sai in tambaya ko akwai mage. Wasu na cewa na cika iyayi. Su faɗa, gara a ce mini mai iyayi da a sake ce mini mai tausayi.