Yadda Za Ka Kutsa Gungun Tsofaffin Shagon Agogo Ka Kai wa Umma Rahoto

Ina kujerar baya a tasi, muna bin tasin da Baba ya shiga. A jakata: littafin rubutu, biro biyu, baƙin tabarau, tsohuwar wayar Umma mai ɗaukar murya, mataccen agogon hannu, kwalin biskit ɗaya.

Da waɗannan kaɗai na shiga gungun da ya gagari matan aure huɗu. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbacin cikin mako guda za ka san komai. Ko za ka ji daɗin abin da ka sani, wannan ba ya cikin alkawari.

1. Ka jira a ɗauke ka aiki

Kada ka nema. Ka zauna a falo kawai, wata uku da dawowa daga karatu a ƙasar waje, babu abin yi. Mahaifiyarka tana kallon shirin da take bi kullum da yamma, na wani direba da 'yan sanda suka tura cikin 'yan fasa-ƙwauri da na'ura a manne a ƙirji. Za ta kalli direban, ta kalle ka, ta rage sautin talabijin.

"Babanka yana shan sukari a waje."

"Umma, wa ya gaya miki?"

"Awon sukarinsa na jiya ya gaya mini. A gidan nan ko zuma ba ta kwana. Kullum ƙarfe huɗu sai ya ce ya tafi shagon Mai Agogo. Agogo nawa gare shi?"

Kada ka tuna mata kana da digiri biyu. Direban can ko firamare bai gama ba, ga shi an kai kashi na arba'in yana nan da ransa. Ka ce to.

2. Ka shiga da dalili

Mataccen agogon shi ne dalilinka. Tabarau kuwa ka cire shi tun a mota. Ni ban cire ba, sai mai sayar da jarida na bakin layi ya gaishe ni, ya ce Baba ya shiga yanzun nan, in yi sauri kafin ruwa ya huce.

Shagon ƙarami ne. Kanta mai gilashi, agogo ashirin a bango, kowanne da nasa lokacin. Bayan labule akwai ɗaki mai benci biyu, butar lantarki da fanka mai ƙara. Nan ne hedikwata.

3. Ka san wane ne wane

Mai Agogo shi ne shugaba. Ba ya magana sai dole, madubinsa na duba ƙananan ƙarafa kullum yana goshi. Hedimasta, wanda ya yi ritaya, shi ke shigo da kaya: sukari a cikin kwalbar maganin tari. Tsohon Direba shi ke gadi, yana zaune fuskarsa na kallon titi, da ya hango mace ta nufo sai ya yi gyaran murya.

Ka riƙe wannan darasi: a kowane gungu wanda ya fi shiru shi ne shugaba. Wanda ya fi surutu kuma, shugabarsa tana gida.

4. Ka ci jarrabawa

A talabijin bindiga ake miƙa wa sabon shiga. A nan kofin shayi ne.

"Bature," in ji Hedimasta, "a can wajenku cokali nawa ake sawa?"

"Ba a sawa, Kawu."

"Shi ya sa ka dawo a bushe."

Zai zuba maka huɗu. Ka shanye, ka fito da biskit. Direba zai yaba tarbiyyarka, sannan ya tambaye ka wa ya aiko ka. Ka ce agogonka ne ya tsaya. Mai Agogo zai buɗe bayansa, ya daɗe yana dubawa.

"Babu batir a ciki. Yau aka cire shi, da bakin wuƙar kicin. Ka gai da Hajiya."

Kada ka ruɗe. Daidai nan ne wayar da ke jakarka za ta yi ƙara. Umma ce, tana so ta ji ko tana ɗauka.

"Zauna, ɗana," in ji Direba. "Bara matar Hedimasta ta turo surukinsu. Yanzu shi ke kawo mana kek."

5. Ka kai rahoto

A kicin ake kaiwa, a tsaye, famfo na zuba don kada a ji. Haka ta ga ana yi.

"Cokali nawa?"

"Ko ɗaya, Umma."

Gaskiya ka faɗa. Kwana uku kana kallon kofin Baba, a haka yake shan shayinsa, yana yamutsa fuska. Biskit ɗinka ma ya miƙa wa Direba.

"Sun saye ka," za ta ce. "Dama na sani. Shi ma wancan a kashi na goma ya fara tausaya musu."

6. Ka ga abin da ba a aike ka gani ba

Rana ta huɗu ka makara kaɗan, ka ɗaga labule ba tare da sallama ba.

Baba ya juye ƙwayoyin maganinsa a faranti. Mai Agogo ya sauko da madubin kan idonsa, yana ware su ɗaya-ɗaya da ɗan hantsakinsa.

"Wannan na safe, aljihun dama. Wannan na bayan abinci, aljihun hagu. Ranar da na rufe shago ka cakuɗa su ko? Dole awo ya hau."

Hedimasta yana gefe da wayar Baba, yana karanta masa saƙonnin da suka shigo tun safe.

Baba ya ɗago kai. Taku uku ne tsakaninku.

"Wane ne nan?"

"Ni ne, Baba."

Nan za ka tuna wata biyar ke nan bai tuƙa motarsa ba, wai gwiwa. Za ka tuna jarida da yake riƙewa ba ya juya shafi.

"In ta ji, shi ke nan," in ji shi. "Ko bakin ƙofa ba za ta bar ni ba. In zama kujera ta huɗu a falo."

Mai Agogo ya ci gaba da ware magani. "Mun yi ta gaya masa ya je a duba. Mu abokai ne, iyakarmu faɗa. Kai ɗa ne."

7. Ka zaɓi gefe

A talabijin a nan ake sa kiɗa. Kai babu mai sa maka. A hanyar gida ka riƙe masa gwiwar hannu wajen tsallake kwata. Zai fizge. A kwata ta biyu zai bar ka.

"Baba, ko ka gaya mata yau, ko ni in gaya mata. Shago kuma ni zan riƙa kawo ka, ƙarfe huɗu, kullum."

"Wannan rashin kunyar a can aka koya maka?"

"A falonka na koya, Baba."

Za ku tarar da ita gaban talabijin. Kafin ta ja ka kicin, ka ce yau maigidan da kansa zai ba da rahoto. Baba zai lalubi hannun kujera ya zauna.

"Hajiya, kashe abin nan ki matso. Daga nan ba na ganinki."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ƙibar da za ka yi, ko gabar kwana biyu da mahaifinka zai yi da kai, ko kiran da matar Hedimasta za ta yi maka tana tambayar kwalbar maganin tari. Abin da za a faɗa a falonku ma ban san shi ba, don na namu ban saurara ba. Na fita, na jawo musu ƙofa na rufe. Gobe ƙarfe takwas zan kai shi asibitin ido, ko ya yi mini magana a mota ko bai yi ba.