Mai Gadin Cikin Matan Agiye

Duk wanda ya ce Agiye ba ta da babban mutum, to bai taɓa zama inda Alhaji Abdulƙadir ke magana ba. In kuna musu ku tambayi Alhajin da kanshi, zai shaida maku. Mutum ne da Allah ya hore ma ilimi har ya rasa wurin ajiya, shi ya sa yake rabar da shi kyauta a bakin kasuwa, a ƙofar masallaci, a gidan suna, har a hanyar maƙabarta in ya samu wanda ya rage sauri. Ni da muke katanga ɗaya da shi, katangar kuma guntuwa, na fi kowa morewa. Ban yi nisa a lakol ba aka koro ni, amma albarkacin katangar nan yau ji nake kamar a Yamai na yi karatu.

Alhaji yana da shagon taki da irin gyaɗa, sai dai wannan ba ita ce sana'arshi ba. Sana'arshi ta gaskiya ita ce formasiyo. Duk taron ƙara wa juna sani da za a yi a Maradi, ko na kiwon kaji ne, ko na wanke hannu, ko na yaƙi da sauro, za ka ga Alhaji a layin gaba. Ya dawo da riga mai rubutu, da hula mai rubutu, da baji rataye a wuya kamar layar ɗan rago. Da bajin yake alwala. Shi ya sa muka raɗa mashi Alhaji Formasiyo, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, yana zaton sarauta ce.

Bana aka yi wani taro kan zubar da ciki, aka gayyaci Alhaji, ko kuma ya gayyaci kanshi, Allah shi ne masani. Malam Munir limamin unguwarmu ya je, shi ya ba mu labarin yadda aka kwashe. Wasu suka ce hani ya tsaya daram, rai ba abin wasa ba ne, kada a taɓa ciki sai in ran uwa na cikin haɗari. Wasu suka ce hanin bai hana komi ba, mata na shan jiƙe-jiƙe a ɓoye ana kwasar gawarsu, gara a buɗe masu ƙofar likita. Malamai suka kawo nasu, likitoci suka kawo nasu, har wata ungozoma ta fashe da kuka tana ba da labarin abin da idonta ya gani. Malam Munir ya ce shi kanshi ya dawo da nauyi a zuciya. Alhaji kuwa da nauyi ya dawo, amma a tumbi. Da safe yana wajen shayi da burodi. Da rana sanyin ɗakin ya ɗauke shi, bai farka ba sai da ya ji tafi, ya miƙe ya ɗaga hannu yana godiya.

Ran da ya dawo ya tsaya a fadar matasa, ya gyara baji, ya ce:

"Jama'a, na saurari ɓangare biyu da kunnen basira. Masu cewa a hana, ba su san hani ba. Masu cewa a bari, ba su san bari ba. Matsalar ƙasar nan ita ce ciki ba ya da mai gadi! Akwai mai gadin kasuwa, akwai mai gadin famfo, akwai mai gadin buro. Ciki fa? Ya shigo ba a sani ba, ya fita ba a sani ba! To daga yau an gama."

Nan take ya kafa Komitin Tsaron Cikin Mata na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Aka yi zaɓe, Alhaji ya ci shugaba. Aka yi na mataimaki, ya sake ci. Mutanen Gidan Rumji har gobe ba su san an tsare masu ciki ba.

Buron komiti, wato ofishinshi, kujerar roba ce a bakin tasha. Nan Alhaji, Sarkin Ciki, yake zama, tabarau a kan hanci, yana auna matan mutane da ido kamar dillali a kasuwar awaki. Wadda ta ci tuwo ta ƙoshi, ya gyaɗa kai. Wadda ta tofar da miyau, ya ce "Uhm!" Tsohuwa Tala mai ƙosai, wadda jikokinta suka yi aure, ya bi ta da tambaya don ya ga ta sayi tsamiya. Ta nuna mashi matsami mai zafi, komiti ya ja da baya cikin mutunci.

Babban shugaba kuma ba ya ƙaddamar da komiti da tsohuwar riga. Ya kira uwargidanshi Hajiya Barira, ina jin su ta katanga.

"Shadda nake so, irin wadda in na motsa za a ji ta a Gazawa. Amma ba da tsadar Maradi ba. Ki nemo ta ko ta wace hanya, kada ki dame ni da bayani."

To a Agiye hanyar shadda mai sauƙi ɗaya ce, kowace mace ta san ta, sunanta Ummuhani. Mijinta Jibrilla yana can arewa wajen haƙar zinariya, damina biyu ba a ga ƙeyarshi ba, saƙonshi ma sai an manta. Ƴaƴa uku ya bar mata. Ita kuwa ba ta zauna jiran zinariya ba. Takan ƙetara iyaka ta sayo yadi, ta naɗe shi a cikinta, ta ɗaure da zane, ta zuba dogon hijabi, ta dafe ƙugu. Wa zai laluba mai tsohon ciki? Ƴan duwan masu binciken kaya a iyaka ma sannu suke mata. Mata duk sun sani, sun rufe baki, don ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Jibrilla bai sani ba, domin kafin ya tahi ya ce kada ta kuskura ta taka bakin iyaka.

Ranar da Ummuhani ta sauko daga taksi ɗauke da shaddar Alhaji, Alhaji na kan kujera. Ya ga ciki tirtsitsi. Ya miƙe jiki na rawa, ga aiki ya samu.

"Ku ba da hanya! Ku ba da hanya! Amanar komiti ce! Kai mai kabu-kabu, ka tafi da ita a hankali, abin da ke cikin nan ya fi ka daraja!"

Wallahi nan bai yi ƙarya ba.

Sai da babur ya ɓace sannan lissafi ya zo mashi. Miji damina biyu ba ya gari. Ciki kuma ga shi kamar tulu. Alhaji ya dafe ƙirji ya yi salati mai ƙarfi don a ji. Yana can yana salati, Ummuhani na ɗakin Hajiya Barira ana warware mata ciki ana shan fura.

Washegari ya gan ta a bakin famfo, shafal kamar faranti, tana ɗaga jarka da hannu ɗaya. Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya yi murna da masifa irin ta ran nan ba. Har tuntuɓe ya yi. Kafin azahar ya yi jawabi a waya, ya watsa, bai ɓoye suna ba: an kama ta farko, matar aure, ciki ba na miji ba, an zubar da shi cikin kwana ɗaya, komiti ya gani da idonshi.

Magana zarar bunu ce. Ta bi waya ta hau arewa ta samu Jibrilla a bakin rami. Ta gangara Sae Sabuwa wajen danginshi, yayyenshi suka ɗauro amalanke suka taho, suka ce za su kwashe ƴaƴan ɗan'uwansu, uwar kuma ta san inda dare ya yi mata. Ummuhani ta daina fita. In ta yi shiru, aure da ƴaƴa da mutunci sun tahi. In ta yi magana, ta tona wa kanta asiri gaban miji da duwan, abincin yaran ya tahi. Nan kam ko ni dariya ta ɗauke mani.

Hajiya Barira ta yi iya yinta. Na ji ta da kunnena.

"Alhaji, don girman Allah ka tsaya ka ji. Cikin nan na Ummuhani..."

"Hajiya! Wagga magana ta mata ce, ba ta shafe ki ba."

"Ni ce ba mace ba?"

"Ke matar gida ce. Kin taɓa zuwa formasiyo? To kawo mani ruwa, kuma ki aika wa Chindo tela ya yi sauri."

Chindo ya yi sauri. Riga ta fito, ruwan sararin samaniya, aiki tun daga wuya har cibiya. Alhaji ya sa ranar ƙaddamar da komiti a ƙofar mai unguwa, ya ce ranar za a yi wa gari wankan tsarki. Ya hayo rumfa da lasifika. Da yake yana son ganin kaki a layin gaba, duk mai kaki a garin sai da ya kai mashi gayyata, har wani jami'in duwan da ya zo ganin gida. Yayyen Jibrilla suka zauna gefe fuska ba annuri, ɗayansu riƙe da waya a buɗe, Jibrilla na saurare daga arewa. Mata suka cika bayan rumfa, sun yi tsit irin na hadari.

Sarkin Ciki ya taso, shadda na ƙara kamar ana taka karan dawa. Ya juya hagu a gani, ya juya dama a gani.

"Ni ba na zargi, ni ganau ne! Na ga ciki da idona. Na san ciki. Na karanci ciki a Maradi! Cikin nan, da ganin yadda ya zauna, namiji ne, kuma lafiyayye. Yau ina yake? Ina tambaya, ina yake? A ƙasar da aka san doka, ba mace da za ta ɓoye abin da ke cikinta. A bincika! A shiga ɗaki ɗaki! Wanda bai da abin ɓoyo ba ya tsoron bincike!"

Ya nemi tafi, ya samu na mutum biyu, ɗaya kurma ne.

Mai unguwa ya ce a kira Ummuhani. Ta fito, idanu sun kumbura, ƙaramar ɗiyarta riƙe da gefen hijabinta. Ta dubi yayyen mijinta, ta dubi amalanken da aka ɗaure a gindin itacen bedi, ta dubi mai kakin duwan. Sai ta durƙusa.

"Baba mai unguwa, Allah ya ba ka nasara. Ban zubar ba. Lafiya lau na sauka."

"To ina abin da kika haifa, ɗiyata?"

"Ga shi nan jikin Alhaji. Chindo ya yi mashi aiki a wuya."

Wata guɗa ta tashi daga bayan rumfa, ta tsohuwa Tala ce, sauran mata suka amsa. Ummuhani ta zayyana komi, tun daga kantin da ta saya har ɗaurin zane, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Hajiya Barira ta ɗaga murya ta ce ita ta karɓi haihuwar da hannunta. Daga wayar da ke hannun yayan Jibrilla sai muka ji wata ƙara kamar jaki ya shaƙe, ashe dariya ce. Da Jibrilla ya samu numfashi ya ce maganar iyaka za su yi ta in ya dawo, amma duk wanda ya taɓa mashi ƴaƴa ko uwarsu, shi da shi ne. Babban yayan ya tashi sumui-sumui ya je yana kwance jaki.

Alhaji na tsaye, lasifika a hannu. Tala ta matso ta shafa hannun rigar.

"Barka da arziki, Alhaji. Tubarkalla, kamarku ɗaya. Yaushe suna?"

Jami'in duwan mutum ne mai ladabi. Ya ce wa Ummuhani daga yau cikinta ya zama sananne, kada ya sake ganin shi a hanya. Sannan ya juyo ya murza bakin rigar da yatsa biyu.

"Alhaji, kaya a hannun wanda aka same su ake tambaya. Wannan kaɗai ce?"

Ummuhani, da yake yau ranar gaskiya ce, ta ce:

"Ranka ya daɗe, tagwaye ne. Farar tana ɗakin Hajiya, Alhaji ya ce ta Sallah ce."

"To," in ji jami'in, "tunda shugaba da bakinshi ya ce a shiga ɗaki ɗaki, sai mu fara da nashi."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Alhaji Formasiyo ya tattare shadda ya sha gaban mutumin, ya buɗe hannuwa kamar mai tare shanu, ya manta lasifika na bakinshi.

"Kai, tsaya! Wane irin bincike? Ina ruwan hukuma da abin da ya fito daga cikin mace? Cikin mace sirrinta ne! Tsakaninta da Ubangijinta ne! Haka aka ce a Maradi!"

Malam Munir ya gyara rawani, ya ce cikin natsuwa:

"An faɗi haka, Alhaji. Lokacin kana barci."