Motata a Kwandon Cefane

Wata uku na yi ina harhaɗa 'yar motar roba, samfurin tsohuwar motar tsere, a gidanmu na unguwar Madinat Nasr, can ƙasar Larabawa. Ranar da na fesa mata jan fenti, na ja kunnen abokan zamana kada wanda ya taɓa ta. Da yake ni mai dabara ne, sai na ɓoye ta cikin kwandon cefanen da muke zurawa ƙasa daga baranda.

Ina wanka na ji abokina Bashir ya zura kwandon ƙasa, ya ƙwala wa mai kayan miya kira, yana ce masa baffa da Larabci: "Ya ammu, zuba albasa kilo uku!"

Motata ta dawo sama a baje kamar gurasa.

Har yau in ana yanka albasa sai su ce, "Ma'alish, sai haƙuri Injiniya, yi kukanka."