Makullin Azurfar Yallaɓai Bisa-Ƙa'ida

A duk faɗin ma'aikatar, mutum ɗaya ne ya san darajar kansa ciki da waje, kuma Allah ya hore masa bakin tuna wa jama'a kowace safiya. Shi ne Jami'in Kula da Kadarori. Kujera ba ta tsallaka ƙofa sai da sa hannunsa. Fanka in ta lalace, sai ta jira ya tabbatar a rubuce cewa ta lalace kafin a yarda ana jin zafi. Ba ya buɗe baki sai da "bisa ƙa'ida", har gaisuwa, shi ya sa sunan ya bi shi. Da ya ji ana kiransa Yallaɓai Bisa-Ƙa'ida, sai ya ɗauka sarauta ce aka ba shi.

Da ma'aikata ta sayi sabon babur don kai wasiƙu, wanda aka ce ɓarawo ba ya iya tayar da shi, Yallaɓai ya zauna ya yi nazari mai zurfi. Ya gano cewa kadara irin wannan ba za ta tsira ba sai a ƙarƙashin mai kula da kadarori. A zahiri ƙarƙashinsa, wato yana zaune a kai. Baba masinja, wanda gwiwoyinsa suka shekara ashirin suna roƙon hutu, ya ci gaba da kai wasiƙu a ƙafa.

To amma babban mutum ba ya rasa abin da ke cinsa. Duk ranar taron shugabannin sassa, kowa na shigowa ya jefa makullin motarsa a kan tebur, ka ji tim, kamar an ajiye hujja. Na Yallaɓai kuwa in ya faɗi, tik kawai yake cewa. Ɗan ƙarfe ne da baƙin kan roba, ko yaro ya gan shi ya san ƙafa biyu yake tayarwa. Ya iya ɓoye babur a bayan ɗakin janareto, ya iya cusa hular kwano a durowar fayil. Makullin nan ne kaɗai ya ƙi rufa masa asiri.

Wata Talata da rana ya taka da ƙafa zuwa rumfar wani tsohon maƙerin zobba.

"Bisa ƙa'ida, makulli fuskar mai shi ne," ya ce. "Cire mini wannan robar. Ina son kai na azurfa, mai nauyi, wanda in ya sauka a tebur za a waiwayo. Ka zana haruffan muƙamina a jiki."

Maƙeri ya sa filaya ya fasa robar. Wani ɗan baƙin abu, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya faɗo a tafin hannunsa.

"Yallaɓai, wannan fa? Kamar da gangan aka saka shi."

Yallaɓai ya leƙa ta saman tabarau. "Datti ne. Ka ga aikin kamfanonin zamani ke nan, ko share cikin abu ba sa yi kafin su rufe."

Maƙeri ya kaɗa dattin cikin garwashi.

Washegari aka yi taro. Makullin ya sauka a tebur da wata ƙara mai daɗi, har shugaban sashen shari'a ya ɗaga gira. Yallaɓai bai ji ko kalma ɗaya daga abin da aka tattauna ba. Yana can cikin motar da ba shi da ita, gilashi a rufe.

Abin da mutanen taron ba su sani ba shi ne, tun yammacin Talata babur bai motsa ba. Makullin yana shiga sumul, yana juyawa sumul, fitilu na kamawa. A danna sitata, inji ya yi ta gurnani amma ya ƙi tashi, wata 'yar jar fitila mai hoton makulli tana ta ƙyafta ido kamar mai gulma. Yallaɓai ya koma gida a motar haya, ya shaida wa mai gadi cewa yana binciken halin da talakawa ke ciki ne.

Matarsa ta dube shi, ta dubi takalminsa da aka tattake. "Baban yara, ina babur?"

"Yana hutun gwaji."

"Allah ya ba shi lafiya," ta ce, ta ci gaba da ninke kaya. Ta daɗe da gano cewa mijinta ya fi daɗin zama in ba a yi masa tambaya ta biyu ba.

Ya kira bakaniken ma'aikata a asirce. Bakanike ya duba fulogi, ya gwada batir, ya sunsuna mai, duk lafiya. Sai idonsa ya faɗa kan azurfar da ke walƙiya a jikin babur.

"Yallaɓai, ina baƙin kan da..."

"Bisa ƙa'ida, aikinka daga tanki ne zuwa ƙasa. Abin da ke sama na hukuma ne."

Bakanike ya goge hannu da tsumma, ya haɗiye sauran maganar. Shekara uku Yallaɓai yana sa shi cike takarda kafin ya karɓi ko sifana. Ya ga babu dalilin da zai sa ya hana Allah ikonsa.

Bayan kwana uku wasu suka fara tambaya, Baba masinja kuma yana wucewa ta bayan ɗakin janareto fiye da yadda aikinsa ya buƙata. Yallaɓai ya san in aka ce babur ya mutu a hannunsa, za a karɓe. Don haka ya yi abin da manya ke yi in sun rasa mafita, ya nemo maƙiya. Ya rubuta wa Darakta takarda shafi huɗu: cewa wasu marasa son ci gaba sun yi wa kadarar ma'aikata zagon ƙasa, cewa hassada ta yi katutu a wasu sassa, cewa yana neman a yi bincike a bainar jama'a, kuma duk wanda aka kama kada a dubi girmansa. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan jimlar.

Darakta mace ce mai ƙarancin magana. Ta rubuta a gefe: "Na amince."

Ranar Litinin da hantsi aka turo babur tsakiyar harabar ma'aikata. Ma'aikata suka fito, har masu shara. Darakta ta zo da wani makulli mai jan kai daga akwatin ƙarfen ofishinta, tare da wata mata mai shagon yanka makullai, riƙe da jaka da wata 'yar na'ura.

Yallaɓai ya gyara wuyan riga. "Ranki ya daɗe, 'yan uwa ma'aikata, yau gaskiya za ta yi halinta. Ni ba na zargin kowa. Amma wanda ya yi ya san kansa."

Mai makulli ba ta jira tafi ba. Ta nuna wani zobe da ke kewaye da ramin makulli. "A cikin robar kan makullin irin wannan babur akwai 'yar ƙwayar lantarki mai lamba. Wannan zoben ke karanta ta. In bai ji lambar ba, ko kwana za a yi ana dannawa inji ba zai tashi ba. Yallaɓai, makullin ya taɓa faɗawa ruwa? Ko an wanke shi a aljihu?"

"Baiwar Allah, ni ake wanke wa abu a aljihu?"

"Ya faɗo daga sama? An taka shi?"

"Kadara ba ta faɗuwa a hannuna."

"Kana haɗa shi da wani makulli mai ƙwaya? Wani lokaci biyun na rikita zoben."

"Shi kaɗai yake kwana, a cikin hankici."

"To, ko zoben ne ya mutu. Bari mu gani." Ta karɓi jan makullin Darakta, wanda ta ce shi ne uwar makullan, ta zura, ta danna. Babur ya tashi da ruri tun kafin ta ɗauke yatsa. Ta kashe. "Zobe lafiya. Yallaɓai, ba ni naka."

Yallaɓai ya warware hankici a hankali. Rana ta daki azurfa. Wata sakatariya ta ce, "Kai!"

Mai makulli ta juya shi, ta karanta haruffan, ta zura shi a na'urarta. Na'ura ta yi shiru. Ta girgiza shi kusa da kunne.

"Ina ƙwayar?"

"Wace ƙwaya?"

"'Yar baƙa, kamar shinkafa."

An ce a tarihin ma'aikatar, wannan ne karo na farko da aka ga bakin Yallaɓai a buɗe ba tare da ƙa'ida ta fito ba. Bakanike, daga bayan jama'a, ya kama tari mai tsanani.

"Wato," in ji mai makulli, "babur ɗin bai lalace ba. Kallon ɓarawo ya yi maka, ya yi aikinsa."

Sauran aikin bai kai minti ashirin ba. Ta ciro sabon makulli mai baƙin kan roba, ta yanka haƙoransa daidai da na uwar. Ta zura uwar ta juya, ta zare, ta zura sabon. Jar fitila ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta mutu. Babur ya karɓi baƙo. Ta miƙa wa Darakta, Darakta ta miƙa wa Baba masinja. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, gwiwoyinsa na godiya.

Yallaɓai ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, bisa ƙa'ida, wannan na azurfar fa? Ai ba a yar da..."

Darakta ta dubi mai makulli. "Yana da sauran amfani?"

"Yana buɗe murfin tanki, ranki ya daɗe. Nan ba ya neman lamba."

"Madalla. Ya riƙe."

Tun daga ranar, duk lokacin da mai ya yi ƙasa, Baba masinja kan tsaya a ƙofar ofishin kadarori ya danna oda sau biyu. Sai ka ga Yallaɓai ya fito da takunsa na ƙasaita, ya warware hankici, ya sunkuya ya buɗe tanki, ya tsaya riƙe da murfi har a gama zubawa daga jarka.

Satin da ya wuce ya sa aka ƙara layi a allon ƙofarsa: Babban Jami'in Makamashi.