Nomau da Sauran Kwana

A ƙauyen Rafin Dinya akwai wani mutum mai suna Nomau, ƙato ne mai ƙarfin noma, amma duk yadda magana ta shiga kunnensa haka yake aikata ta. Yana zaune da tsohuwarsa, Iya Tasalla, da yayansa Cindo, wanda ya yi yaron mota a Zariya ya dawo da bakin 'yan tasha.

Wata rana Cindo ya ba shi kwanon dambu ya kai masa gidan surukansa a garin gaba. Ya kwatanta masa cewa in ya wuce masallacin Juma'a ya yi kwana biyu, zai ga gida mai durumi a ƙofa. Nomau ya wuce masallacin kaɗan, ya shimfiɗa rigarsa a gindin bango ya zauna. Ladan ya yi ta tambayarsa ko lafiya, shi kuwa ya ce aike aka yi masa. Da wa'adin ya cika ya buɗe ido bai ga durumi ba, ya komo gida da dambun da ya yi tsami, yana cewa Yaya bai iya kwatance ba.

Malam Hashimu, malamin firamaren ƙauyen, ya ji labari ya kira shi. Ya yi masa bayani a tsanake cewa wannan kwanar kalmar Turawa ce da direbobi suka aro, tana nufin inda hanya ta lanƙwasa, ba ruwanta da barci. Har zane ya yi masa a ƙasa da tsinke. Nomau ya riƙe karatun nan gam.

Wata rana da sassafe ya gamu da Baba Jatau, tsoho mai ciwon gwiwa, yana dogara sanda.

"Nomau, ina kwana?"

"Zo in nuna maka, Baba."

Ya kama hannunsa ya yi ta jansa har bayan kasuwa, tsoho yana tirjiya yana salati. Tun daga ranar mutanen gari suka koma gaishe shi da "sannu" kawai.

Wata rana cikin damina amai da gudawa suka kama Iya Tasalla, Cindo kuma yana can kudu da lodin albasa. An ba ta jiƙo an ba ta rubutu, jiki sai ƙara saki yake. Mata suka cika ɗakin, wasu har sun fara sharar hawaye. Gwaggo Kande ta fito tsakar gida ta dafa kafaɗarsa.

"Sai haƙuri, Nomau. Iyarka ba ta da sauran kwana."

Ya shiga lissafa kwana-kwanar da ke hanyoyin garin. Ta bayan kasuwa Iya ta sha bi, ta rijiya ma haka. Amma babbar nan ta bakin kwalta, bai taɓa ganin ta je ba.

"Akwai saura, Gwaggo."

Kafin a gane nufinsa ya shiga ɗaki ya sungumi tsohuwar, ya kwantar da ita a baro, ya kama hanya da gudu. Mata suka biyo shi suna kiran a tare shi, amma wa zai cim ma Nomau? Yana isa kwanar ya tsaya a tsakiyar titi yana haki, ya ce wa Iya ga ta nan.

Daidai lokacin motar ma'aikatan lafiya ta rage gudu za ta sha kwanar, direba ya taka birki. Ya leƙo zai yi faɗa, sai wata nas ta hango abin da ke cikin baron. Nan take suka ɗaura mata ƙarin ruwa, suka wuce da ita asibiti.

Ranar da Iya ta dawo da ƙafarta, gida ya cika da 'yan barka. Gwaggo Kande tana kuka tana cewa ita kam ta riga ta cire rai. Nomau yana gefe yana cin gyaɗa, ya ɗago kai ya dube ta.

"Ki daina kuka, Gwaggo. Da na tsaya a wurin ma na hango wata kwanar a gaba."