Rasuwar Ƙararrawar Ƙofarmu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ido da ya kasa daina kallon wani ɗan wuri a bangon falonmu, sama da ƙofar kicin, inda ramukan ƙusa biyu suka rage kuma fentin bai koɗe ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar ƙararrawar ƙofar gidanmu. Sai da aka cire ta na san ashe shuɗi ne asalin launin falon nan.

Marigayiyar ta rasu ranar Asabar, makonni uku da suka wuce, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tana da shekara ashirin da uku a bakin aiki. Jikinta kashi biyu ne: madanni fari a gefen ƙofar waje, wanda yatsun mutane suka lotsa tsakiyarsa, da ɗan akwati mai girman tafin hannu a cikin falo, siririyar igiyar wuta ta haɗa su ta cikin bango. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya riƙe tsani ranar da aka kafa ta. Wanda ya hau tsanin amininsa ne, Baba Mai Rediyo, mai shagon gyara a bayan tashar mota.

Duk wanda ya san ta zai yi mata shaidar alheri. Ba ta taɓa neman caji ba. Ba ta taɓa tambayar kowa lambar sirri ba, ba ta taɓa cewa a jira ta tana sabunta kanta ba. Kalma biyu ta sani a duniya, tin da ton, kuma tun shekarar da rufi ya yi yoyo a kanta ton ɗin ya dishe, yake fita kamar na mai mura. Da waɗannan biyun ta yi wa kowa iso, mai mota da mai tafiya a ƙasa, ba tare da ta leƙa fuskarsa ba.

Mama, wadda kunnenta na hagu ya yi nauyi har ba ta jin bugun ƙofa, tana jin marigayiyar ko da famfo na zuba a kicin. Ta yatsa take gane baƙo. Mai kawo gas yana dannawa ya jingina, kamar an ce masa gidan kurame ne. Maƙwabciyarmu sau uku a jere, cikin gaggawa, ko da gishiri ta zo ara. Yaya kuwa, babban wanmu, ba ya ɗaga yatsa sai an buɗe. Akwai kuma dannawa ɗaya mai taushi, sai shiru na numfashi guda, sai wata mai taushi. Wannan ta Laraba ce, ƙarfe huɗu na yamma. Tun rasuwar Baba, mahaifinmu, shekara shida ke nan, Baba Mai Rediyo bai fasa zuwa ba. Yakan ce ya zo duba lafiyar ƙararrawa. Ya zauna a kujerar baranda, Mama ta zauna daga bakin ƙofar falo, a sha shayi, a yi hirar mutanen da rabinsu suka riga mu gidan gaskiya. Awa ɗaya ce. A duk mako, a cikinta kawai Mama take dariya har da tari.

Marigayiyar ba ta yi jinya a jikinta ba. Ciwon ajalinta a wayar Yaya ya fara. Yaya yana aiki a wani gari, tafiyar awa huɗu daga nan, kuma mutum ne da idan ya karanta abu sau biyu yakan ji kamar shi ya ƙirƙiro shi. Wani abokin aikinsa ya nuna masa ƙofar gidansa a waya, shi ke nan barci ya ƙaurace wa Yaya sai ya samo wa Mama ƙararrawa mai kyamara. Sati biyar yana bincike. A ƙarshe ya turo jadawali cikin gurup ɗin gida, 'yan takara uku, layi goma sha ɗaya: kaifin hoto, faɗin gani, kwanakin batir, gani cikin duhu, jure ruwan sama, iya bambanta mutum da kyanwa, da sauransu. Har launi ya sa wa layukan.

Ta farko baƙa ce siririya, sai an riƙa kwance ta ana kai ta caji kamar mara lafiya. Ta biyu fara ce, ba ta da wani kyan gani, amma ana jona ta da tsohuwar igiya, ta yi ƙara ta bakin akwatin da ke falo. Wato da an zaɓe ta, da yau marigayiyar tana raye, da wannan sanarwa ba ta taso ba. Yaya ya soke ta saboda hotonta, a cewarsa, kamar na katin makaranta. Ta uku ita ce gimbiya: tana gane fuska, tana magana da kanta, hotonta har gashin gira ana ƙirgawa. A waya kawai take ƙara.

A cikin layi goma sha ɗayan nan babu layin da ya tambaya ko matar da ke cikin gidan za ta ji an zo. Ita ma matar ba ta cikin gurup ɗin, domin wayarta ƙarama ce mai madannai, kira kawai take yi da ita. Aka ce a jefa ƙuri'a. Anti, matar Yaya, ta zaɓi ta uku saboda ta dace da fentin ƙofa. Ni kuwa, da nake wuni a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ina neman abin da ido bai cika gani ba, na ga gurbin tun karatun farko. Na rubuta, “Yaya, Mama fa?” Na duba. Na goge. Na tura hoton babban yatsa. Ina roƙon a saka sunana cikin waɗanda suka taimaka wa ajali.

Ranar Asabar ɗin Yaya ya iso da kwali da filaya. Ya jawo kujerar baranda, ita dai wannan kujerar, ya taka. Kafin ya sa hannu ya ce in fita in danna sau ɗaya, “mu ji muryar zamanin da.” Na danna. Tin, ton. Ya yi dariya, ya datse igiyar. Maganarta ta ƙarshe ke nan, kuma yatsana ne ya sa ta faɗe ta.

“Mama, yanzu ko ina ofis ina ganin duk wanda ya tsaya a ƙofarki,” in ji Yaya, yana kakkaɓe hannu.

“To, sannu da ƙoƙari. Ni da ke cikin gidan fa?”

“Ai sai in kira ki in gaya miki.”

Mama ta dubi ramukan ƙusar, ta ce a zo a ci abinci.

Game da magajiyar, wato gimbiyar da ta ci ƙuri'a, ba al'adar sanarwa irin wannan ba ce a zagi mai rai, don haka zan taƙaita. Ido ɗaya gare ta, da zobe shuɗi da ke kunnuwa idan an matso, kamar tana hararar mutum. A satinta na farko ta sanar da Yaya wucewar kyanwar maƙwabta sau arba'in da bakwai, duk da layi na shida na jadawali. Ta mayar da hancin mai kawo gas ya fi fuskarsa girma. Maƙwabciyarmu yanzu sai ta gyara ɗankwali kafin ta zo aron gishiri, kuma ta rage zuwa.

Larabar farko ina wurin aiki. Abin da zan faɗa a bidiyo na gan shi daga baya, domin magajiyar ba ta mantuwa, wannan kam na ba ta. Ƙarfe huɗu daidai Baba Mai Rediyo ya tsaya a ƙofa. Ya nemi farin madannin bai gani ba. Ya sa tabarau, ya duba sabon abin sama da ƙasa irin duban mai sana'a, sannan ya danna a hankali, ya jira numfashi guda, ya sake dannawa. Yaya yana cikin taro, wayarsa a kife. Sai na'urar ta amsa da kanta, da muryar wata mata da ba mu san ta ba, ta ce masu gidan ba za su iya zuwa ƙofa yanzu ba, a bar saƙo. Tsakanin ƙofar da inda Mama take zaune taku goma ne. Da na dawo na tarar da kofi biyu a kan tire, shayin ya yi sanyi har ya yi fata. Mama ta ce wataƙila ciwon ƙafarsa ne ya tashi.

Laraba ta biyu Yaya ya amsa da kansa ta wayarsa, daga can wurin aikinsa. Rabonsa da gidan nan ranar Laraba tun kafin furfura ta rufe kan tsohon.

“Wane ne? Malam, ɗago fuskarka, hularka ta rufe kyamara.”

Baba Mai Rediyo ya waiga hagu da dama yana neman mai maganar. Ya ɗago.

“Wa kake nema?”

“Na zo duba ƙararrawa ne, ɗana.”

“Sabuwa ce, ba ta buƙatar gyara. Ba ma neman mai gyara, ka ji? Allah ya ba da sa'a a gaba.”

Tsohon ya ce, “To, madalla. A gaida mutanen gida.” Ya gyara hularsa, ya juya.

Da yamma Yaya ya turo bidiyon biyu cikin gurup, da rubutu a ƙasa: “Kun ga amfaninta? Sati biyu wannan tsohon yana zagaye gidan.” Anti ta sa hoton tafi. Wannan karon ban goge ba. Na rubuta masa ko wane ne, da wanda ya riƙe masa tsani. Bayan minti ashirin Yaya ya amsa, “Ai sai ya faɗi sunansa. Kuma ba matsala, Auta, zan saka fuskarsa a manhaja, nan gaba za ta gane shi.” Mutumin da ya ɗauki Yaya a kafaɗa ya kai shi kallon jirgin ƙasa, yanzu za a gabatar da shi ga ƙofa.

Babu wanda yake da lambar wayar tsohon. Shekara shida ba a taɓa buƙata ba, tunda akwai Laraba. Kuma ba zai buga ƙofa da hannu ba. Mutum ne da ba ya shiga inda aka ce masa a gaba.

Laraba ta uku, wato jiya, na ɗauki hutun rabin wuni, na buɗe ƙofar waje tun uku da rabi, na zauna a baranda. Mama ta dafa shayi ba tare da ta tambaye ni dalili ba. Kyanwa ta wuce sau biyu. Mai kawo gas ya wuce a kan babur ya ɗaga hannu. Ƙarfe biyar da kwata Mama ta kwashe kofunan. A kicin na gaya mata duka, har da babban yatsan da na tura. Ta ce in nuna mata bidiyon. Ta kalla sau ɗaya, wayar a kusa da kunnenta na dama. Da aka zo wurin “a gaida mutanen gida” ta ce, “Muna amsawa,” ta miƙo mini wayar.

Marigayiyar ta rasu ta bar ramukan ƙusa biyu, da igiya kamu ɗaya da ke leƙe daga bango. Da kujerar baranda, mai ɗauke da sawun takalmin Yaya har yanzu domin na ƙi gogewa. Da dattijuwa ɗaya mai kunne ɗaya. Da tsoho ɗaya wanda ba shi da sauran dalilin da zai ba da idan an tambaye shi me ya kawo shi. Da ni, Auta, wadda ta gani ta yi shiru. Ta kuma bar jadawali mai layi goma sha ɗaya, wanda iyalai ba sa buƙata, duk mai so ya zo ya ɗauka.

Za a karɓi gaisuwa a gida. Ana roƙon masu zuwa kada su danna komai, su kira sunan Mama da ƙarfi daga ɓangaren tagar kicin. Masu son yi wa Yaya ta'aziyya su tsaya a ƙofa su ɗaga fuska, yana gani.

Gawar tana cikin kwalin takalmi, akwatin da madannin da ƙusoshin biyu, na naɗe su a tsohon tawul. Na tsamo su ne daga kwandon shara ranar da abin ya faru. Da farko an shirya binne ta gobe Juma'a a durowar ƙasa ta kabad ɗin falo, kusa da tabaran Baba da agogonsa da ya tsaya.

Sai dai ana sanar da jama'a cewa an ɗage jana'izar, domin gawar ba ta gidan. Da safen nan na karanta wa Mama wannan sanarwa a teburin cin abinci, kwalin yana tsakaninmu. Ta saurara har ƙarshe, ba ta gyara mini ko kalma ɗaya ba. Ta buɗe kwalin, ta taɓa lotsattsen madannin da ɗan yatsa, ta rufe. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta da takalmin fita, wanda rabon da in gan shi a ƙafarta tun bikin Yaya. Ta ɗauki kwalin ta rungume a ƙirji. Na miƙe zan bi ta, ta dube ni, na koma na zauna.

Bayan minti biyu wayata ta yi ƙara. Yaya ne a gurup: “Ina Mama za ta je da kwali?” Ya haɗo da bidiyon. Hoton ya fito tas, layi na ɗaya bai yi ƙarya ba. Bayanta kawai ake gani, tana tafiya a hankali a gefen titi, har ta kai kwanar da ke bi ta bayan tashar mota, ta sha kwanar.